Me ya kai sojan ruwa kabari a tsakiyar gonakin Faransa?

Tambaya: Malam, ina karatu a Faransa. Kwanan baya abokaina suka ɗauke ni yawo zuwa yankin Somme, muka tsaya a wata maƙabartar sojan Birtaniya da ake kira Ancre British Cemetery. Na ga wani kabari da zanen anga a jikin dutsensa, irin ƙarfen nan da ake jefawa cikin ruwa don tsayar da jirgi. Sunan mai kabarin Laftana Vere Harmsworth, na bataliyar Hawke, an sa haruffan RNVR, ya mutu ran 13 ga Nuwamba 1916 yana da shekara 21. Kewaye da shi akwai wasu da yawa masu wannan alama. Duk inda ka duba gonaki ne, babu teku. Jirginsu ne ya nutse aka kawo gawarwakinsu nan, ko kuwa kuskure aka yi? Kuma shi wane ne?

Amsa: Ɗan'uwa, babu kuskure, kuma babu jirgin da ya nutse. Wurin da ka tsaya ba shi da nisa da inda yaron nan ya faɗi. Da ƙafarsa ya fito daga ramin yaƙi da asuba, cikin hazo da taɓo, yana gaban mutanensa, aka kashe shi a tudu kamar kowane sojan ƙasa. Gaɓar teku mafi kusa da wurin ta fi kilomita 60. Kabarin da ka gani ƙofa ce ta shiga labarin wata runduna da ba a cika samun irinta ba a tarihin yaƙi, kuma tunda ka ƙwanƙwasa, sai ka yi haƙuri da tsawon amsar.

Haruffan RNVR suna nufin rundunar 'yan sa-kai ta sojan ruwan Birtaniya. An kafa ta a 1903. Mutanenta fararen hula ne, akawu da ɗan kasuwa da ma'aikacin tashar jirgi, waɗanda suke zuwa atisaye da yamma ko ƙarshen mako da sharaɗin in yaƙi ya tashi za a kira su. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a watan Agusta 1914 aka kira su, aka kira tsofaffin ma'aikatan jirgi da sauran 'yan ko-ta-kwana, sai aka tarar an cika kowane jirgi da mutane amma ga wasu dubu ashirin zuwa talatin sun yi saura, babu inda za a sa su. A lokacin Winston Churchill ne ministan sojan ruwa. Shi kuwa mutum ne da ba ya iya ganin mutane zaune a lokacin yaƙi. Ya ce a haɗa su a yi rundunar ƙasa, amma ta ci gaba da zama a ƙarƙashin ma'aikatarsa. Haka aka sami Rundunar Sojan Ruwa ta Sarauta, wadda Turawa suke taƙaita sunanta da RND. Aka yi bataliya takwas, kowace da sunan wani tsohon babban kwamandan teku: Drake, Hawke, Benbow, Collingwood, Nelson, Howe, Hood da Anson. Aka ƙara musu birged guda na sojan kundumbala na ruwa, waɗanda dama aikinsu ne sauka tudu. Saboda haka Hawke ɗin da ka gani a jikin dutsen ba sunan jirgi ba ne, sunan bataliya ne, ita kuma ta ci sunan Admiral Edward Hawke da ya karya jiragen Faransa a 1759.

Tun ba a je ko'ina ba aka jefa su cikin wuta. A farkon Oktoba 1914 Jamusawa sun matsa wa birnin Antwerp na Beljiyam, Churchill ya tura rundunar nan ta je ta taya tsaro. Da yawansu ba su fi 'yan makonni da fara koyon faretin ƙasa ba. Bindigogin da aka ba su tsofaffi ne, wasu ba su da ko gorar ruwa, wasu a cikin safa suka soke wuƙar bindiga don babu kube. Antwerp ta faɗi a cikin kwanaki. Wajen janyewa umarni bai isa ga wasu bataliyoyi da wuri ba, aka datse musu hanya, mutum wajen 1,500 suka tsallaka iyaka suka shiga Holan. Holan ba ta cikin yaƙin, kuma dokar ƙasa da ƙasa ta ce duk sojan da ya shiga ƙasar 'yan ba-ruwanmu a karɓe makaminsa a tsare shi har a gama. Aka kai su garin Groningen aka gina musu barikin katako. Mafi yawansu a nan suka ƙare yaƙin gaba ɗaya, shekara huɗu suna buga ƙwallo da sassaƙa.

Vere Harmsworth yana cikin waɗanda aka tsare ɗin, kuma a nan labarinsa ya fara bambanta da na sauran.

An haife shi a 1895. Ubansa Harold Harmsworth, wanda aka fi sani da Lord Rothermere, da wan uban, Lord Northcliffe, su ne suka kafa jaridar Daily Mail a 1896, daga baya suka ƙara da Daily Mirror. A Ingila ta wancan zamani samun gidan da ya fi wannan kuɗi da faɗa-a-ji sai an tona. Vere shi ne ɗa na biyu. Tun yana yaro aka sa shi makarantar hafsoshin ruwa ta Osborne, daga nan ya wuce Dartmouth, ya fara aiki a jirgin yaƙi a matsayin ƙaramin hafsa. Ƙarar igwa ta lalata masa ji, aka sallame shi. Ka riƙe wannan: lokacin da yaƙi ya zo, yaron nan yana da hujjar likita ta zama a gida, kuma babu wanda zai zarge shi. Sai ya bi ta ƙofar 'yan sa-kai ya sake shiga. Da aka tsare shi a Holan, ga wata hujjar ta biyu ta faɗo masa, halastacciya, wadda mutum dubu da ɗaruruwa suka karɓa suka rayu. Shi ya sulale ya gudu ya koma Ingila. Aka sake gina bataliyar Hawke, ya tafi da ita Gallipoli, a ƙasar Turkiyya, a 1915. Daga baya kuma aka yi masa tayin aikin ofis a hedkwata, irin wanda ake nema wa 'ya'yan manya, ya ƙi, ya zaɓi zama da kamfaninsa. Ƙofa uku ke nan aka buɗe masa, kowace ya mayar ya rufe.

Ba na cikin masu cewa duk wanda ya mutu a yaƙi jarumi ne, don na karanta takardun da suka hana ni faɗin haka. Amma a kan wannan yaro ban ga abin musu ba. Ɗan gata ne wanda gatan ya bi shi har bakin rami yana roƙonsa ya dawo.

Gallipoli ba zan daɗe a kanta ba, labarinta daban ne. Abin da ya shafe mu shi ne a can ne rundunar ta koyi yaƙin ƙasa, kuma da jini ta biya kuɗin makaranta. Ran 4 ga Yuni 1915, a hari na uku da aka kai wa ƙauyen Krithia, bataliyar Collingwood ta shiga wutar Turkawa, cikin ƙasa da sa'a guda ta rasa mutum wajen 500 tsakanin matattu da masu rauni. Ba a sake tayar da ita ba, aka rushe ta tare da Benbow aka raba ragowar mutanen wa sauran. Zawo da ƙudaje suka kwantar da waɗanda harsashi ya bari. A Janairu 1916 aka kwashe kowa daga yankin da dare, a watan Mayu rundunar ta sauka Faransa, aka miƙa ta ga hukumar sojan ƙasa, aka sa mata lamba 63.

Lamba dai ta sojan ƙasa ce, amma hali na teku ne, kuma a nan rigima take. Mutanen nan, waɗanda da yawansu ba su taɓa kwana a jirgin yaƙi ba, sun riƙe al'adun sojan ruwa kam. Muƙamansu na ruwa ne. Da ƙararrawa suke ƙidaya lokaci kamar a jirgi. In mutum zai fita hutu daga sansani sai ya ce zai sauka gaɓa, alhali yana tsaye a kan busasshiyar ƙasa. Wurin dafa abinci da ɗakin marasa lafiya duk da sunayen cikin jirgi suke kiransu. Hafsoshi a zaune suke yi wa Sarki gaisuwar kofi, kamar yadda ake yi a jirgi inda rufi yake ƙasa-ƙasa. Sannan ga gemu, wanda dokar ruwa ta yarda da shi, ta ƙasa kuwa ba ta yarda ba. Janar Archibald Paris da ya jagorance su tun Antwerp ya san su, ya bar su da halinsu. A Oktoba 1916 harsashin igwa ya same shi har ya rasa ƙafa, aka kawo Janar Cameron Shute daga sojan ƙasa. Shi kuwa ya ɗauki duk wannan a matsayin rashin tarbiyya, ya tasar wa gemu da bayan gida da gaisuwa, mutanen suka tsane shi har suna yi masa waƙar zambo. Saura wata guda a kai hari mafi girma a tarihin rundunar, shugabanta da mutanensa suna faɗa a kan aski.

(Wannan al'ada ta sauke sojan ruwa a tudu ba baƙuwa ba ce ko a wajenmu. A 1915, lokacin da sojan Najeriya da na Faransa suka kewaye Jamusawa a Garwa ta Kamaru, igwar da ta taimaka aka karya garin daga jirgin yaƙin Challenger aka ciro ta, aka hau da ita kogin Binuwai.)

Yanzu ga ranar da ka gani a jikin dutsen. Yaƙin Somme ya fara ran 1 ga Yuli 1916, kuma tun a ranar farko aka kai hari kan tudun Beaumont-Hamel da kwarin kogin Ancre, aka dawo da asara mai muni ba a ci ko taki ɗaya ba. Aka sake gwadawa ran 3 ga Satumba, haka aka dawo. Shi ya sa in ka lura da duwatsun maƙabartar, kwanan wata uku ne suke ta maimaituwa: 1 ga Yuli, 3 ga Satumba, 13 ga Nuwamba. Fili ɗaya ne aka yi ta zuba mutane a kansa. Jamusawa sun shekara biyu a wurin. Ƙasar farar ƙasa ce mai daɗin haƙa, sun yi ɗakuna a ƙarƙashinta masu zurfin da igwa ba ta kaiwa, da matakala da hanyoyi masu haɗa su.

Harin Nuwamba an yi ta ɗaga shi tun ƙarshen Oktoba saboda ruwan sama. Duk ɗagawa kuwa mutane ne a tsaye cikin ruwa har gwiwa, suna ɗaukar kaya da dare, suna kwanciya da zazzaɓi. Bataliyar da ya kamata ta kai mutum kusan dubu ta dawo ba ta kai ɗari biyar ba. Aka ba Runduna ta 63 fili ɗan siriri daga bakin kogi zuwa gefen tudu, burinta ƙauyen Beaucourt. Bataliyar Hood tana dama, jikin kogi da layin dogo, Hawke tana biye da ita ta hagu, sai Howe, sai sojan kundumbala. A bayansu akwai sahu na biyu: Drake, Nelson, Anson da wata bataliyar kundumbala. Ƙarfe shida saura kwata na asuba, duhu bai yaye ba, hazo ya rufe kwarin har mutum ba ya ganin wanda yake 'yan taku gabansa, igwogi suka buɗe wuta gaba ɗaya, mutane suka fito suna bin bayan ruwan harsashin a hankali kamar yadda aka koya musu.

A dama abin ya yi kyau. A tsakiya kuwa, daidai gaban Hawke, akwai wata maɓoya mai ƙarfi tsakanin layin Jamus na farko da na biyu, wadda ruwan igwa na kwana da kwanaki bai taɓa ta ba. Da wutar igwa ta wuce ta kansu, Jamusawa suka hauro daga ƙarƙashin ƙasa da mashinga suka kafa. Hawke ta shiga bakinsu kai tsaye, Nelson da take biye ta faɗa cikin wutar ita ma. Kwamandan Hawke, Leslie Wilson, ya ji rauni tun da wuri. Vere ya ji rauni a filin da ke tsakanin ramukan ɓangarorin biyu, bai tsaya ba, ya ja ragowar kamfaninsa har layin Jamus na biyu, a nan aka sake samunsa, ya mutu. Kafin rana ta ɗaga bataliyar Hawke ta rasa mutum kusan 400, wato kusan duk wanda ya fito da asuba ya mutu ko ya ji rauni. Maɓoyar nan ba ta miƙa wuya ba sai washegari, da aka turo tankokin yaƙi biyu. Duka biyun suka kafe a laka, amma igwar jikinsu tana kaiwa, Jamusawa wajen 400 suka fito da hannu sama. In ka auna, abin da ƙarfe biyu da suka maƙale a taɓo suka yi cikin ɗan lokaci shi aka nemi ƙirjin mutane ya yi jiya da asuba.

Beaucourt ta faɗi ran 14 ga wata a hannun Bernard Freyberg, kwamandan Hood, wanda ya tattara ragowar bataliyoyi daban-daban ya shiga da su ƙauyen yana ɗauke da raunuka. Aka ba shi Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma a Birtaniya, daga baya ya zama gwamna janar na New Zealand. Rundunar ta rasa mutum kusan 4,000 a kwana biyu. A lissafin janar-janar nasara ce, kuma ba ƙarya suka yi ba, an ci wurin da ya gagara tun Yuli, an kama dubban fursunoni. Sai dai akwai abin da ya kamata ka sani. Ran 15 ga Nuwamba manyan kwamandojin ƙawance za su yi taro a Chantilly, kuma Janar Douglas Haig, babban kwamandan sojan Birtaniya a Faransa, yana son ya shiga taron da labari mai daɗi a hannu. Ya nuna wa Janar Hubert Gough, mai jagorantar harin, cewa nasara a wannan mako za ta yi amfani. Ba shi ne kaɗai dalilin harin ba, amma yana cikin abin da ya sa aka kai shi a tsakiyar Nuwamba cikin wannan laka. Ran 18 ga wata aka rufe yaƙin Somme. A watan Fabrairu da Maris na 1917 Jamusawa suka janye da kansu daga yankin gaba ɗaya zuwa sabon layin da suka gina a baya. Bayan janyewar ne aka samu damar tsince gawarwakin da suka yi watanni a fili, aka fara maƙabartar da ka ziyarta.

Akwai wani yaro da ba na iya ba da labarin Vere ban ambace shi ba. Sunansa Edwin Dyett, ƙaramin laftana a bataliyar Nelson, shi ma ɗan sa-kai na sojan ruwa, shi ma shekararsa 21. Ya shiga ne yana tsammanin teku za a kai shi, kuma ya nemi a mayar da shi aikin jirgi don ya san jikinsa ba ya ɗaukar yaƙin rami. Ba a mayar da shi ba. A ranar 13 ga Nuwamban nan aka bar shi a baya cikin 'yan jiran ko-ta-kwana, da yamma aka tura shi gaba, ya haɗu da wani hafsa da ya ba shi umarni ya bi wasu mutane zuwa fagen daga, ya ƙi, ya ce zai koma hedkwata ya karɓo umarni, ba a sake ganinsa ba sai bayan an gama. Kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa, ta kuma roƙa a yi masa sassauci saboda ƙuruciyarsa. Ba a yi ba. Aka harbe shi da asubar 5 ga Janairu 1917. Kabarinsa yana Le Crotoy, a bakin teku, abin da ya roƙa yana raye bai samu ba. Sai a 2006 majalisar Birtaniya ta yi masa afuwa tare da sauran sojoji fiye da 300 da aka harbe kan irin wannan laifi. Runduna ɗaya, rana ɗaya, shekaru ɗaya. Ban kawo shi don in rage wa Vere komai ba. Na kawo shi ne don dabarar Churchill ta mayar da mutanen ruwa sojan ƙasa ita ta haifi su biyun, kuma wanda ya ga kabari ɗaya bai ga ɗayan ba rabin labari ya ji.

Sai batun tunawa, wanda a ganina shi ne zuciyar tambayarka ko da ba haka ka jera ta ba.

Ka lura dutsen Vere bai fi na kowa tsawo ba. Wannan da gangan ne. Hukumar kula da kaburburan yaƙi, wadda Fabian Ware ya yi ta fafutika har aka kafa ta a 1917, ta tsaya kan ƙa'ida biyu da suka jawo mata zagi a lokacin: ba za a mayar da gawar kowa gida ba, kuma dutsen janar da na kurtu iri ɗaya ne. Iyalai masu kuɗi sun yi ƙorafi har majalisa, suna son su ɗauko 'ya'yansu ko su gina musu hubbare, aka hana. Abin da aka bar wa iyali shi ne 'yan kalmomi a ƙasan dutsen, kada su wuce harafi 66. Ko faifan tagullar da aka aika wa kowane gida da aka yi wa rashi, suna kawai aka rubuta, babu muƙami. Saboda haka a cikin katangar maƙabartar nan, ɗan mai Daily Mail da ɗan mai haƙar kwal kafaɗa da kafaɗa suke.

Da ka fito ƙofa kuwa, sai dukiya ta ci gaba da aikinta. In ka bi hanyar nan ta gefen layin dogo zuwa Beaucourt, za ka ga wata farar hasumiyar dutse a kan ɗan tudu, ta tunawa da Runduna ta 63. An buɗe ta a 1922, kuma Lord Rothermere ne ya ɗauki nauyin kuɗinta. A Jami'ar Cambridge ya kafa kujerar farfesa a 1919 da sunan Vere Harmsworth, ta tarihin sojan ruwa, daga baya aka faɗaɗa ta ta haɗa da tarihin daular Birtaniya. Har yau tana nan, kuma cikin waɗanda suka zauna a kanta akwai John Gallagher, wanda duk ɗalibin tarihin da ya karanta yadda Turawa suka yi wasoson Afirka ya ci karo da sunansa. Babban ɗan Rothermere, Vyvyan, shi ma raunin yaƙi ya kashe shi a Fabrairu 1918, uban ya kafa wata kujerar da sunansa a Oxford, ta tarihin Amurka. Ɗa ɗaya ya rage masa, Esmond, wanda da ya haihu a 1925 ya sa wa yaron suna Vere. Mutane da yawa suna rikita su biyun. Vere ɗin da ya riƙe Daily Mail har zuwa 1998 ɗan ƙanin wanda ka ga kabarinsa ne, mai sunansa.

Ba na ganin laifin uban da ya rasa 'ya'ya biyu cikin wata goma sha biyar don ya kashe kuɗinsa kada a manta da su. Hasumiyar Beaucourt ma ba ta ɗansa kaɗai ba ce, ta rundunar ce duka. (Shi kansa Rothermere ya ɓata sunansa daga baya da yabon Hitler da goyon bayan 'yan fasist na Ingila a shekarun 1930, amma wannan ba laifin wanda ya mutu a 1916 ba ne.) Abin da nake so ka gani shi ne dalilin da ya sa na iya ba ka labarin Vere daki-daki, makarantarsa da kunnensa da gudunsa daga Holan, alhali na kusa da shi ba zan iya ba ka fiye da layi biyu ba. Mafi yawan mutanen da ya jagoranta ba 'yan Landan ba ne. Tun 1914 da aka ga bataliyoyin ba su cika ba, aka ɗebo mutanen da suka yi rajistar shiga sojan ƙasa a arewacin Ingila aka zuba a ciki, yawancinsu masu haƙar kwal daga Durham da Northumberland da Yorkshire, aka kuma ci gaba da ɗiba daga Tyneside a Ingila da Clyde a Sikotilan. Mutumin da ya saba da rami tun yana ɗan shekara sha huɗu, aka ɗinka masa anga a hannun riga aka sake mayar da shi rami. A maƙabartar Ancre akwai kabari fiye da 2,500, fiye da rabinsu ba a san ko su wane ne ba. Waɗanda ba a ga gawarsu ba sam, sunayensu suna jikin babban ginin Thiepval da ke kan tudu a ƙetaren kogin, cikin sunaye fiye da 72,000. A tsawon yaƙin rundunar ta rasa rayuka fiye da 10,000.

Ƙa'idar nan ta daidaito ma iyakarta Turai. A 2021 hukumar kaburburan da kanta ta fitar da rahoto ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, wataƙila har 350,000, yawancinsu 'yan Afirka da suka yi wa Birtaniya aikin soja da dako a yaƙin nan, ba a rubuta sunansu a ko'ina ba, gwamnatin Birtaniya ta nemi gafara a majalisa. Sojojin da aka ɗiba daga ƙasar Hausa aka kai Kamaru da Gabashin Afirka suna cikin zamanin da ake magana a kai. Wanda ya tsaya a Ancre ya ga yadda ake aske ciyawa ana dasa fure a gaban kowane dutse bayan shekara ɗari, ya kamata wannan ya faɗo masa a rai.

A Landan ma akwai abin tunawa da rundunar, wani marmaro mai siririyar hasumiya da Edwin Lutyens ya zana, a kusurwar filin faretin Horse Guards. An buɗe shi ran 25 ga Afrilu 1925, shekara goma cif da sauka Gallipoli, Churchill ya yi jawabi. Shi ma sai da ya yi yawo kamar masu shi: aka cire shi a 1939 don ana gini a wurin, aka kafa shi a Greenwich a 1951, sai a 2003 aka dawo da shi inda yake tun farko, aka sake buɗe shi ran 13 ga Nuwamba.

In za ka koma, kuma ina ba ka shawara ka koma kai kaɗai ba cikin ayari ba, ka buɗe ɗan akwatin tagullar da ke jikin bango a bakin ƙofa, akwai littafin sunayen waɗanda ke ciki. Ka zaɓi dutse ɗaya mai anga daga cikin na 13 ga Nuwamba, wanda ba hafsa ba, ka kwafi lambarsa. Lambar da kanta tana magana: in ta fara da Tyneside ko Clyde ko Mersey ko Wales da harafin Z, ta gaya maka inda ya yi rajista, in kuwa ta fara da KP ko KW ko KX, to yana cikin waɗanda aka ɗebo daga sojan ƙasa a 1914, kuma sau da yawa mai haƙar kwal ne. Katunan aikin mutanen rundunar suna ajiye a gidan adana takardun tarihi na Birtaniya da ke Kew, a jerin da ake kira ADM 339, ana samunsu ta intanet. Katin yakan nuna ranar haihuwarsa, sana'arsa, addininsa, sunan uwa ko matar da za a sanar in wani abu ya faru da adireshinta, ranar da ya kwanta asibiti da zawo a Gallipoli, ranar da aka yanke masa albashin kwana bakwai don ya makara dawowa daga hutu. A wasu katunan har an rubuta ko mutumin ya iya iyo.